Zuwa ga Edita: A Rage Cewa "An Gano Ƙwayar Gadon Kaza"

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan wannan jarida, muna roƙon ka ba mu fili mu yi gyara a kan wata magana da ta zama ruwan dare a rahotannin kimiyya. Sau da yawa a kan buga cewa masana sun gano ƙwayar gadon basira, ko ta saurin fushi, ko ta tsawo, ko ta riƙon amanar aure. Mai karatu sai ya ɗauka kowace gaɓa da kowace ɗabi'a tana da tata ƙwayar gado guda, wanda ya gada ya samu, wanda bai gada ba ya rasa. Abin da ke gina jiki ya kuma tsara ɗabi'a ya fi wannan zurfi, domin ya rataya ne a kan yadda ake sarrafa ƙwayoyin gadon: wacce aka kunna, a wane wuri a jiki, a wane lokaci, kuma da wane ƙarfi.

Alƙaluma kaɗai sun isa su sa mutum ya tsaya ya yi tunani. Ɗan Adam na da ƙwayoyin gado kusan 20,000 masu ƙera furotin, wato sinadaran da ke gina jiki suna kuma gudanar da ayyukansa. Akwai wata 'yar tsutsar ƙasa da ake bincike da ita, tsawonta milimita ɗaya, ƙwayoyin jikinta duka 959 ne, amma ita ma ƙwayoyin gadonta kusan 20,000 ne. Da yawansu ne ke kawo sarƙaƙiyar halitta, da mu da ita ba mu bambanta ba. Sannan daga haruffa biliyan uku na DNA ɗinmu, wato dogon zaren sinadarin da bayanan gado ke rubuce a kansa, waɗanda ke ɗauke da bayanin ƙera furotin ba su kai kashi 2 cikin ɗari ba. A cikin ragowar ne ake samun makunnai, wato gajerun sassan DNA waɗanda aikinsu shi ne kunna ƙwayar gado ko kashe ta. Maginin da aka bai wa tubali zai iya tayar da rumbu ko soro da tubali iri ɗaya. Bambancin yana wajen inda ya aza kowanne da lokacin da ya aza shi.

Haka abin yake a cikin jiki guda. Ƙwayar hanta da ta ƙwaƙwalwa da ta fata duk DNA ɗinsu ɗaya ne. John Gurdon ya tabbatar da haka a Ingila a 1962, lokacin da ya ɗauki cibiyar ƙwayar hanjin talibambam, wato ma'ajiyar DNA ɗinta, ya sa a cikin ƙwan kwaɗo da aka lalata cibiyarsa, ƙwan kuwa ya girma ya zama cikakken talibambam. Ashe ƙwayar hanji ba ta yar da komai ba, rufe sauran bayanan kawai ta yi.

Wanda ke son fahimtar yadda makunni ke aiki ya fara da ƙwayar bakteriya, inda François Jacob da Jacques Monod suka warware lamarin a Faransa a 1961. Bakteriyar hanji na da ƙwayoyin gado uku a jere masu taimaka mata ta ci sukarin madara. Idan babu wannan sukari, wani furotin yana zaune daram a kan DNA a bakin ƙwayoyin ukun, ya tare hanyar injin da ke kwafar bayani. Da sukarin ya shigo, sai wani ɗan ɓangare nasa ya manne wa furotin ɗin, siffarsa ta sauya, ya saki DNA, kwafa ta fara, cikin 'yan mintuna a ga sinadarin narkar da sukarin ya bayyana. Sukarin na ƙarewa, furotin ya koma mazauninsa. Akwai sharaɗi na biyu kuma: muddin sukarin gulukos na nan, wanda ya fi sauƙin ci, kwafar ba ta yin ƙarfi. Ke nan ko a halitta mai ƙwaya ɗaya, shawarar kunnawa tana duba abubuwa biyu kafin ta tabbata.

A dabbobi da mutane tsarin ya ninka wannan. Muna da furotin masu sarrafawa kusan 1,600, kowanne na gane wani gajeren jerin haruffa ya zauna a kansa. Makunni ɗaya kan ɗauki irin waɗannan furotin da dama, wasu na turawa, wasu na dannewa, kuma ƙwayar gado ɗaya na iya samun makunnai goma ko fiye, wannan na ido, wancan na ƙafa. Ga kuma batun naɗi. DNA ɗin da ke cikin ƙwaya ɗaya ya kai mita biyu idan aka miƙe shi, don haka an nannaɗe shi a jikin wasu dunƙulen furotin, haruffa 147 a kowane dunƙule. Inda naɗin ya matse, ba a iya karantawa. Ƙwayar jiki na liƙa wasu ƙananan alamomi na sinadari a kan DNA da dunƙulen domin ta matse ko ta sassauta, kuma idan ta rabu biyu 'ya'yanta na gadon alamomin. Shi ya sa ƙwayar hanta ke haifar ƙwayar hanta.

To ta yaya wannan ke fitar da kai da ƙirji da ƙafa daga ƙwai guda? An fi sanin amsar a ƙudan 'ya'yan itace. Ƙwansa bai wuce rabin milimita ba. Tun kafin a saka shi, uwar ta ajiye saƙon wata ƙwayar gado mai suna bicoid a ƙarshen da zai zama kai. Furotin ɗin da ake ƙerawa daga saƙon sai ya bazu, ya yi yawa a gaba, yana raguwa zuwa baya. Cikin kusan awa uku ƙwan ya tara cibiyoyi kimanin 6,000, kowacce na sanin matsayinta ta hanyar yawan bicoid da ya same ta. Uwar da ba ta da wannan ƙwayar gado, 'ya'yanta kan tashi ba kai ba ƙirji, sai gindi a ƙarshen nan da na can. In kuwa aka zuba saƙon a tsakiyar ƙwai, kai na fitowa a tsakiya. Daga nan wasu ƙwayoyin gado ke kunnuwa a faffaɗan yankuna, su kuma su kunna wata da ke fitowa a zane bakwai siraran gaske. Zane na biyu yana da nasa makunnin mai haruffa kusan 480. Furotin biyu ne ke kunna shi, wasu biyu kuma na danne shi, ɗaya ta gaba ɗaya ta baya, sai ya zama a 'yar siririyar tazarar da ke tsakaninsu kaɗai yake iya kunnuwa. A cire wannan makunni, zane na biyu ya dusashe, sauran suna nan. Christiane Nüsslein-Volhard da Eric Wieschaus ne suka zaƙulo yawancin waɗannan ƙwayoyin gado a Jamus, suka wallafa a 1980, kuma a 1995 suka raba kyautar Nobel da Edward Lewis.

Shi Lewis ƙwayoyin gadon Hox ya yi wa hidima, waɗanda ke faɗa wa kowane sashen jiki abin da zai zama. Ƙuda na da takwas, mu muna da 39, kuma abin mamaki jerinsu a kan DNA ya yi daidai da jerin sassan da suke kula da su daga kai zuwa gindi. Lewis ya samar da ƙuda mai fiffike huɗu maimakon biyu, kuma lahanin da ya jawo haka a makunnai yake: furotin ɗin lafiya lau, ba a dai kunna shi ba ne a sashen ƙirji na uku, sai sashen ya kwaikwayi na biyu. A ɓera ma da aka kashe wani rukuni nasu mai suna Hox10, haƙarƙari ya tsiro a ƙasusuwan ƙugu inda bai kamata ba.

Misalin da ya fi dacewa kowane mai rubuta labarin kimiyya ya riƙe shi ne na hannu. A mako na huɗu na ciki, hannun ɗan tayi ɗan tudu ne kawai. A gefen da zai zama na ƙaramin yatsa, wasu ƙwayoyi na kunna ƙwayar gado mai suna Shh, furotin ɗinta ya bazu, inda ya yi yawa a samu ƙaramin yatsa, inda bai kai ba a samu babban yatsa. Makunnin da ke kunna ta a hannu da ƙafa bai kai haruffa dubu ba, kuma yana nesa da ita da haruffa kusan miliyan ɗaya, a ɓoye cikin wata ƙwayar gado daban. DNA ke lanƙwasowa su haɗu. A 2003 masu bincike a Edinbara ta Birtaniya suka nuna cewa sauyin harafi ɗaya tak a wannan makunni kan sa Shh ta kunnu har a gefen babban yatsa, sai a haifi yaro da cindo ta wannan gefen, ko babban yatsa mai gaɓa uku. A lura, cindon da aka fi gani, wanda ke rataye kusa da ƙaramin yatsa, dalilinsa daban ne. Idan aka cire makunnin gaba ɗaya daga ɓera, ana haifarsa da dungulmin gaɓoɓi, alhali Shh na ci gaba da aikinta a ƙwaƙwalwa da hanji domin can wasu makunnai ke riƙe da ita. Maciji ma yana da Shh lafiyayya; makunninsa ne ya lalace. A 2016 an sa wa ɓera makunnin maciji a madadin nasa, ƙafafunsa suka ƙi fita. Da aka mayar wa makunnin haruffa 17 da macizai suka rasa, ƙafafu suka dawo. Wanda ya je neman ƙwayar gadon rashin ƙafa a jikin maciji zai sha wahalar banza.

Tunda komai ya rataya a kan lokaci da adadi, nan ne ɓarna ke shigowa, ko da DNA ɗin kansa ba shi da aibi. A shekarun 1950 makiyayan tumaki a jihar Idaho ta Amurka sun riƙa samun 'yan raguna masu ido ɗaya a tsakiyar goshi. Bincike ya gano tumakin sun ci wata ciyawa ce a daidai kwana na 14 da ɗaukar ciki, kuma sinadarin ciyawar na toshe hanyar saƙon Shh a ranar da ya kamata ya raba filin ido gida biyu. Maganin thalidomide, wanda aka fara sayarwa a Jamus ta Yamma a 1957 aka janye a 1961, ya nakasa jarirai fiye da 10,000. Ɓarnarsa tana tsakanin kwana na 20 da na 36 bayan shigar ciki: a farkon wannan tazara kunnuwa yake taɓawa, sai hannuwa, sai ƙafafu, gwargwadon gaɓar da ake ginawa a ranar. Sai bayan shekaru da yawa aka gano yana sa jiki ya rushe wasu furotin masu sarrafawa, ciki har da SALL4 da ginin gaɓoɓi ke buƙata. Maganin farfaɗiya na valproate ma na taɓa alamomin naɗin DNA, kuma yana ƙara haɗarin haihuwar jariri da buɗaɗɗen ƙashin baya, shi ya sa mace mai shan sa ke buƙatar ganin likita tun kafin ta ɗauki ciki, ba tare da ta tsayar da shi da kanta ba. Bututun da ke zama ƙwaƙwalwa da laka yana rufewa ne kusan kwana na 28, lokacin da mata da yawa ba su ma san suna da juna biyu ba.

Adadi kuwa, ciwon Rett ya isa misali. Yana kama kusan yarinya ɗaya cikin 10,000: ta tashi lafiya, tsakanin wata 6 da 18 ta fara rasa magana da amfani da hannu. Huda Zoghbi da abokan aikinta sun gano a 1999 cewa lahanin na cikin wata ƙwayar gado mai suna MECP2, wadda furotin ɗinta ke karanta alamomin da ke kan DNA a ƙwaƙwalwa. Ƙarancinsa cuta ne, kuma samun kwafi biyu a inda ɗaya ya kamata shi ma wata cutar ƙwaƙwalwa ce mai tsanani. Wannan ne ke wahalar da masu neman magani, domin dole a saita shi daidai ba ƙari ba ragi.

A ɓangaren ɗabi'a ne aka fi yin azarɓaɓi, don haka a nan ake buƙatar taka tsantsan. Akwai inda aka san sarƙar daga farko har ƙarshe, kamar agogon barci. A 1971 Ronald Konopka da Seymour Benzer sun samu ƙudaje iri uku masu lahani a ƙwayar gado ɗaya: wasu ranarsu awa 19 ce, wasu 28, wasu ba su da tsari sam. Daga baya aka gano yadda agogon ke juyawa. Ƙwayar gadon na kunne, furotin ɗinta na taruwa da dare, ya haɗu da abokinsa su shiga cibiyar ƙwaya su kashe ƙwayar gadon da ta haife su. Hasken safe ya rushe abokin, shi ma ya ruguje, ƙwayar gadon ta sake kunnuwa. Wani furotin na uku ke jinkirta taruwar har zagayen ya kai kusan awa 24. Wannan aiki ne ya kawo wa Jeffrey Hall da Michael Rosbash da Michael Young kyautar Nobel a 2017. Mu ma irin wannan zagaye ke jikinmu, kuma an samu wani dangi a Amurka da sauyi ɗaya a cikinsa ke sa barci ya kwashe su tun wajen bakwai da rabi na yamma, su farka wajen huɗu da rabi na asuba.

Ƙudan zuma ya nuna wani abu da ya fi wannan. Sarauniya da ma'aikaciya daga ƙwai iri ɗaya suke fitowa. Tsutsar da aka ci gaba da ɗura wa farin abincin sarauta ita ke zama sarauniya: ta kammala girma cikin kwana 16, ta yi shekaru a raye, tana iya saka ƙwai fiye da dubu a rana. 'Yar'uwarta da aka sauya wa abinci sai ta yi kwana 21, ta fito da kwandon ɗibar garin fure a ƙafa, ta rayu 'yan makonni a lokacin aiki. A 2008 masu bincike a Ostareliya sun rage ƙarfin sinadarin da ke liƙa alamomi a DNA ɗin tsutsotsi, yawancinsu suka fito da siffar sarauniya. A cikin ma'aikatan kuma, matasa na renon tsutsotsi, manya na fita kiwo. Binciken da aka yi a jihar Illinois ta Amurka a 2003 ya duba ƙwayoyin gado kusan 5,500 a ƙwaƙwalwarsu, ya ga kashi 39 cikin ɗari sun bambanta wajen ƙarfin kunnuwa tsakanin mai reno da mai kiwo. Idan aka ɗebe masu kiwo daga amya, wasu matasa kan fita kiwo da wuri, kuma tsarin ƙwaƙwalwarsu na bin aikin da suke yi, ba shekarunsu ba. Ke nan halin da amya ke ciki na shiga har cikin cibiyar ƙwaya ya juya makunnai.

Inda labari ya kauce hanya shi ne na wasu ɓerayen daji na Amurka. Wani nau'insu namiji kan manne wa mace ɗaya, wani nau'in kuwa ba ruwansa. An gano bambancin na da alaƙa da wurin da ake kunna makarɓin wani sinadari a ƙwaƙwalwa, wato furotin ɗin da ke karɓar saƙonsa, kuma a 2004 aka ƙara wannan makarɓi a wuri ɗaya a ƙwaƙwalwar nau'i na biyu, sai mazan suka fara manne wa mace guda. Kafofin labarai suka yi caa, wai an gano ƙwayar gadon riƙon amana. Amma a dawa, masu manne wa mace ɗayan ma da dama na haihuwa a waje. A 2023 kuma, a nau'i na farko, aka kashe gaba ɗaya makarɓin wani sinadari daban, oksitosin, wanda aka daɗe ana cewa shi ne sinadarin ƙauna, ɓerayen suka ci gaba da zama bibbiyu abinsu. Haka binciken da aka yi a Montreal ta Kanada a 2004, wanda ya nuna yawan lasar da uwar ɓera ke yi wa ɗanta a makon farko na sauya alamomin wata ƙwayar gado mai daidaita tsoro, an ja shi ya wuce makaɗi da rawa, har ana cewa mutum na gadon baƙin cikin kakansa a DNA. A dabbobi masu shayarwa ana goge yawancin alamomin nan sau biyu, wajen yin ƙwayoyin haihuwa da kuma bayan shigar ciki, don haka hujjar irin wannan gado a mutane tana da rauni. Ko tsawo, wanda ba ɗabi'a ba ne, binciken 2022 a kan mutum miliyan 5.4 ya samu wurare kusan 12,000 a DNA masu tasiri a kansa, kowanne ɗan mitsitsi, akasarinsu a wajen sassan ƙera furotin. In tsawo haka yake, ina ga basira?

Gaskiya ne akwai cututtukan da ƙwayar gado ɗaya ke jawowa, kuma sikila na cikinsu: harafi ɗaya ne ya sauya a ƙwayar gadon himogulobin na manya, wato furotin ɗin da ke ɗaukar iskar numfashi a jini. Sai dai ko a nan, sabon maganin ta ƙofar makunni ya shigo. Tun 1948 likitar yara Janet Watson ta lura jinin jarirai sabbin haihuwa ba ya lanƙwashewa sosai. Dalili shi ne ɗan tayi na amfani da wani himogulobin daban, bayan haihuwa ake kashe shi a kunna na manya, shi ya sa ciwon kan fara bayyana wajen wata biyar zuwa shida. Furotin ɗin da ke kashe shi sunansa BCL11A. Ba a iya kawar da shi ɗungurungum domin garkuwar jiki da ƙwaƙwalwa na buƙatarsa, amma a 2013 aka gano yana da makunni guda da ke aiki a jajayen ƙwayoyin jini kaɗai. Maganin Casgevy, wanda Birtaniya ta amince da shi a Nuwamban 2023, Amurka kuma a Disamba, wannan makunni yake yankewa, sai himogulobin na ɗan tayi ya dawo. A gwajin da aka dogara da shi a Amurka, mutum 29 cikin 31 sun yi aƙalla wata 12 a jere ba tare da tashin ciwo mai tsanani ba.

Aikin ba ƙarami ba ne. Ana yi wa majinyaci ƙarin jini na makonni, a ba shi allurar da ke fito da ƙwayoyin asali, masu haifar da ƙwayoyin jini, daga ɓargo zuwa jini, a tace su da na'ura, sau da yawa fiye da zagaye ɗaya. Gyaransu da gwada su kan ɗauki watanni. Sannan a ba shi wani magani mai ƙarfi, busulfan, na kwana huɗu domin share tsohon ɓargo, a mayar masa da gyararrun ƙwayoyin, ya kwanta asibiti makonni huɗu zuwa shida kafin su kama. A wannan tsakani garkuwarsa na ƙasa ƙwarai, ga gyambon baki, ga haɗarin kamuwa da cuta, kuma busulfan na iya hana haihuwa, don haka ake ba da shawarar adana ƙwayoyin haihuwa tun kafin a fara.

Roƙonmu, Malam Edita, idan za a ba da labarin wannan magani kada a rubuta cewa an gyara ƙwayar gadon sikila. Harafin da ya sauya yana nan yadda yake, kuma ba a taɓa ƙwayoyin haihuwar majinyacin ba. Wanda aka yi wa maganin zai iya gadar wa 'ya'yansa sikila kamar da, saboda haka gwajin jini kafin aure bai faɗi a kansa ba.

Wassalam.

Daga wasu malaman ilimin halittu